Banatin kaka: ba ya yanka rago, amma yana riƙe da tarihin zango

A wasu tsofaffin gidaje na zangunanmu, daga Kumasi zuwa Accra, daga Sekondi zuwa Tamale, akwai akwatin ƙarfe da ba a cika buɗewa ba sai an yi rasuwa ko za a yi gyaran ɗaki. A ciki akan tarar da lambobin girma waɗanda ƙyallensu ya koɗe, da ɗan littafin sallama daga aikin soja, da hoton wani saurayi da jar dara da gajeren wando yana tsaye ƙiƙam. Jefi-jefi kuma, can ƙasan akwatin, sai a ci karo da wata doguwar wuƙa mai nauyi a naɗe cikin tsumma, da zobe a wuyanta da ɗan maɓalli a gindin ƙotarta. Wannan shi ne banati, wuƙar da soja ke ɗaurawa a bakin bindiga.

Abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Wani ya ce a kai wa mai wasa wuƙa tun da layya ta kusa. Wani ya ce tarkace ne, a miƙa wa masu tura kura suna kiran "kondem", su auna su ba da 'yan sidi. Wani lokaci kuma ba a ce komai ba, sai dai a wayi gari wani yaro ya soke shi a ƙugu ya fita da shi, wanda shi ne mafi muni. Duk ukun asara ce. A kicin ko a mayanka banati ba shi da wani kirki, amma a jikinsa aka buga shekarar da aka ƙera shi, da masana'antar da ta ƙera, da gwamnatin da ta mallake shi. Ga al'ummar da aka saba yi wa tambayar "yaushe kuka zo ƙasar nan?", ƙarfe mai ɗauke da kwanan wata ba abin jefarwa ba ne.

Mashi ne aka ba shi siffar wuƙa

Kalmar banati aro ce daga Turanci. Ta shigo Hausa ta ƙofar bariki tare da 'yan'uwanta irin su soja, kofur, saje, samanja, hafsa da fareti. Su ma Turawan Ingila daga Faransanci suka aro ta, kuma galibi ana danganta sunan da garin Bayonne da ke kudu maso yammacin Faransa.

A ƙarni na 17 bindigar sojan Turai ba ta da nisa da harba-ka-ruga ta maharbanmu. In ka harba sau ɗaya sai ka tsaya ɗura albarushi da harsashi ta baki, kafin ka gama kuwa mahayin doki ya iso kanka. Saboda haka kowace runduna takan haɗa masu bindiga da masu dogayen māsu da za su tsare su. Banati ne ya haɗe mutum biyun nan ya mai da su ɗaya.

Na farkon da aka yi cusa ƙotarsa ake yi cikin bakin bindiga kamar yadda ake toshe kwalba, wato da zarar ka sa shi babu sauran harbi. An ga illar haka a 1689 a yaƙin Killiecrankie a ƙasar Sukotilan, inda sojojin gwamnati suka yi harbi, suna cikin fama da cusa banati mayaƙan kan tudu suka auka musu da takubba. Daga nan aka koma ga mai zobe wanda ke zagaye bakin bindiga ya bar hanyar harsashi a buɗe. Zuwa 1703 sojojin ƙasa na Faransa sun koma kansa, dogon mashi kuma ya fara ɓacewa daga fagen yaƙi a Turai.

Wannan asali shi ne amsar duk wata tambaya game da amfaninsa. An yi shi ne don suka daga nesa, da nauyin bindiga da na mutum a bayansa. 

To, zai yanka ragon layya?

A taƙaice, kada a gwada. Ɗauki banatin Ingila samfurin 1907, wanda ya yi yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Tsawon ruwansa inci 17 ne, wajen santimita 43. Bayansa na da kauri, bakinsa kuma ba siriri ba ne kamar na wuƙar mahauta. An dafa ƙarfensa ne yadda zai lanƙwasa ya dawo ba tare da ya karye ba, don haka ko an wasa shi ba ya riƙe kaifi yadda mai fiɗa yake so. Nauyinsa ya taru a wajen ƙota, saɓanin adda da nauyinta ke gaba, shi ya sa ba ya saran itace. Ya yi wa fiɗa tsawo, ya yi wa sharar gona rashin nauyi. Kwarin nan da ke bin tsawon ruwansa, wanda yara ke cewa wai hanyar jini ce, an yi shi ne don a rage nauyi ba tare da ƙarfen ya yi laushi ba.

Wasu ma babu baki gare su sam. Na bindigar Lebel ta Faransa, samfurin 1886, wanda sojojinsu suka laƙaba wa suna Rosalie, dogon tsinke ne mai kusurwa huɗu. Na bindigar Ingila mai lamba 4, ta lokacin yaƙin duniya na biyu, ƙusa ce kawai mai inci 8.

Malamanmu kuwa kullum suna tunatarwa cewa shari'a ta nemi mai yanka ya kaifafa wuƙarsa ya hutar da dabba. Mai goga wa rago kaurin ƙarfe a wuya ya wahalar da dabbar, ya wahalar da kansa. Wuƙar mahauta ta kasuwa, mai araha, ta fi shi nesa ba kusa ba. Sannan injin wasa wuƙa ba ya tambaya: in ya kama ƙarfen sai ya cinye har da rubutun da ke wuyansa, shi ke nan an rasa tarihi ba a samu wuƙa ba.

Su kansu sojojin da suka rataya shi sun fi amfani da shi wajen ƙananan hidimomi: buɗe gwangwanin abinci, tonon rami, gasa nama a wuta, kafa tanti, soka shi a ƙasa a ɗora kyandir, ko laluben nakiyar da aka binne. A dazukan Bama, abin da ya yi wa sojojin Afirka ta Yamma aiki dare da rana shi ne adda, da ita suke sare hanya, su gina bukka, su yi gadon gora.

Masu ƙera makamai sun lura da haka. A 1959 Tarayyar Sobiyet ta fito da banatin bindigar AKM, gajere, mai haƙoran zarto a baya, wanda in aka haɗa shi da kubensa sai ya zama almakashin yanke waya. Amurka ta bi sahu da samfurin M9 a 1986. Waɗannan sun fi tsofaffin amfani a hannu, sai dai suna taɓa kowane aiki ne ba tare da sun gwanance ko ɗaya ba.

A fagen fama, tsoro ne aikinsa

Abin mamaki, ko a yaƙi ba a cika suka da shi ba. Ƙididdigar asibitocin soja a yaƙin duniya na ɗaya ta nuna raunin banati bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Gaskiya ne wanda aka soka ya mutu nan take ba ya zuwa asibiti balle a ƙirga shi, amma duk da haka igwa da bindiga mai sarrafa kanta su ne suka ci mutane. Abin da aka sha gani shi ne, in runduna ta ɗaura banati ta taso a guje da ihu, ɗaya ɓangaren yakan watse tun kafin a haɗu. Harsashi ba a ganin zuwansa, shi kuwa tsinin ƙarfe ana kallonsa yana matsowa.

Bai mutu gaba ɗaya ba. Sojojin Birtaniya sun kai hari da shi a dutsen Tumbledown a yaƙin tsibiran Falkland a 1982, sun kuma sake a kusa da garin Amara a Iraƙi a 2004. Amma a 2010 rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta cire atisayen sukar banati daga horon sababbin kurata. Yau inda muka fi ganinsa shi ne fareti, yana walƙiya a bakin bindigogi ranar 6 ga Maris ko wajen tarbar babban baƙo.

Yadda ya shigo gidajenmu

Hausawa sun riga soja zuwa wannan ƙasa. Fataken goro da malamai sun daɗe suna bin hanyar Gwanja zuwa Salaga tun kafin Bature ya wuce bakin teku. Amma bariki ma ƙofa ce babba da mutanen zango suka shigo ta cikinta.

A 1863 wani hafsan Ingila, John Glover, ya kafa ƙaramar runduna a Legas da masu jin Hausa, da yawansu mutanen da suka kuɓuta daga bauta. Aka riƙa kiransu Hausawan Glover. An kawo su nan a yaƙin Sagrenti na 1873 zuwa 1874, wanda a cikinsa aka ƙone Kumasi. A 1879 aka kafa rundunar 'yan sandan yaƙi ta Gold Coast daga cikin irin waɗannan dakaru, a 1901 kuma ta zama Gold Coast Regiment a ƙarƙashin rundunar Afirka ta Yamma. Hausa ce harshen bariki, taken rundunar ma da Hausa yake: Kullum Shiri.

Sai dai a lura, "Bahaushe" a rajistar Bature ba lallai ɗan Kano ko Katsina ba ne. Akwai Gurunshi, Moshi, Dagomba, Frafra, Zabarmawa, Fulani, Barebari da Yarbawa. Sau da yawa magatakarda yakan rubuta sunan mutum, ya liƙa masa sunan ƙabilarsa a matsayin sunan uba. Bariki ya haɗa su da harshe ɗaya, da yawa kuma da addini ɗaya, bayan sallama suka zauna a zango suka yi aure suka hayayyafa.

Akwai ɓangaren labarin da ba shi da daɗi, kuma bai kamata a ɓoye wa yara ba. A yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, Asante sun tare hanyoyin Kumasi da shingayen manyan gungume waɗanda harsashi ba ya hudawa. Abin da ya karya su shi ne zagayowa ta gefe da afkawa da banati, domin bindigogin Asante na ɗuri ne, ba su da abin ɗaurawa a baki. Galibin dakarun da Kanar Willcocks ya shiga Kumasi da su a watan Yuli na shekarar 'yan Afirka ne, cikinsu da Hausawa masu yawa. Shekara uku bayan haka, a 1903, rundunar Afirka ta Yamman nan ce ta ci Kano da Sakkwato. Wato ƙarfen da muke magana a kai ya yi wa mulkin mallaka aiki, a kan maƙwabtanmu, a kan 'yan'uwanmu kuma. Wasu sun shiga soja don gudun bauta, wasu don yunwa, wasu sarakuna ne suka ba da su. Ba mu da ikon yi musu hisabi, amma ba mu da ikon gyara labarin ya zama na jarumta zalla.

Daga baya fagen ya faɗaɗa. A watan Agusta 1914, a kan hanyar kama tashar sadarwar Jamus da ke Kamina a Togo, wani sojan Gold Coast Regiment mai suna Alhaji Grunshi ya yi harbin da ake ɗauka shi ne na farko daga ɓangaren sojan Birtaniya a yaƙin duniya na ɗaya. Rundunar ta wuce Kamaru, ta wuce Afirka ta Gabas. A yaƙi na biyu ta fafata da Italiya a Habasha, sannan da Japan a Bama cikin runduna ta 81 da ta 82. Mutanen Gold Coast kimanin 65,000 ne suka sa kaki a wannan yaƙi. Sunayen barikokinmu na yau rajistar waɗannan tafiye-tafiye ce: Burma Camp a Accra, Kamina a Tamale, Uaddara a Kumasi, Myohaung a Takoradi.

Da suka dawo ba su tarar da abin da aka yi musu alkawari ba. Ranar 28 ga Fabrairu 1948 tsofaffin sojoji suka nufi fadar gwamna a Osu da takardar koke, aka buɗe musu wuta a mararraba, Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey suka faɗi. Abin da ya biyo baya shi ya hanzarta tafiyar neman 'yancin kai.

Shekara 21 bayan haka, a Nuwamba 1969, dokar korar baƙi ta ba marasa takardun zama mako biyu su bar ƙasa. Zanguna sun girgiza, an raba iyalai, an sayar da gidaje a wulaƙance, kuma a cikin wannan rububi akwatuna da takardu da yawa suka salwanta. Har gobe wasu 'yan zango kan koka cewa ana yi musu tambayoyi na daban in sun je neman takardun ƙasa. Banati ba shaidar zama ɗan ƙasa ba ne a gaban hukuma, kada wani ya ɗauke shi ya nufi ofis. Amma in ya haɗu da littafin sallama da lambar soja da hoto, yaro zai san kakansa ya taka wace ƙasa, a wace shekara, ƙarƙashin wace tuta.

Yadda ake karanta shi

Tun da soja ba ya tafiya gida da makamin gwamnati in an sallame shi, banati bai kai lambobin girma yawa a gidaje ba. Waɗanda suka rage sun zo ne ta hanyoyi daban-daban: ganimar da aka ƙwato daga abokan gaba, ko tsofaffin kaya da hukuma ta yi gwanjonsu, ko wanda ya maƙale a ƙasan jaka. Rubutun jikinsa yakan nuna wace hanya ce.

A sami haske mai kyau a duba wuyan ƙarfen, daidai inda ruwa ya haɗu da ƙota. A banatin Ingila na 1907 za a ga kambin sarauta da haruffan sarkin zamanin. GR na nufin Sarki George. Ƙarƙashinsa akwai 1907, kuma a nan mutane ke ruɗewa: wannan shekarar samfurin ce, ba shekarar ƙira ba. Shekarar ƙira ita ce ƙananan lambobin da ke ƙasa, wata da shekara, misali 5 da 17 na nufin Mayu 1917. Sai sunan masana'anta, irin su Wilkinson ko Sanderson, ko EFD wato masana'antar gwamnati ta Enfield.

A ɗaya gefen akwai alama mai kama da sawun kaza, layi uku da suka haɗu a sama. Ita ce tambarin mallakar gwamnatin Birtaniya. Harafin X na nuna an lanƙwasa ƙarfen don gwaji bai karye ba. In aka ga sawun kazar guda biyu sun haɗa kai, alama ce ta cewa hukuma ta sayar da shi, ya fita daga kayan soja.

Wanda aka buga wa RFI daga masana'antar Ishapore ta Indiya ya fito. A lokacin yaƙi na biyu Indiya ta riƙa yin gajeru masu inci 12 saboda dogon ba ya jin daɗin kurmi, don haka irin wannan a gidan tsohon sojan Bama ya yi daidai da labarinsa. Mai ruwa wajen santimita 40, wanda babu haruffan Turanci a wuyansa sai ɗan tambari, misali zobba huɗu a haɗe, wataƙila na Japan ne, samfurin 30, wanda ma shi Ingila ta kwaikwaya ta yi nata na 1907. Dogon tsinke mai kusurwa huɗu kuwa na Faransa ne, ba abin mamaki ba ne a gan shi a gidan da kakansu ya yi soja a ƙasashen Faransa da ke kewaye da mu.

Abu ɗaya dai a kiyaye: ƙarfe na faɗin inda aka ƙera shi da lokacin, ba ya faɗin wanda ya riƙe shi. Wannan sai takarda da bakin dattawa.

Masu tarawa da kasuwarsu

A Turai da Amurka tara banati sha'awa ce mai zaman kanta, da littattafanta da ƙungiyoyinta da gwanjonta a intanet. Dalilin a fili yake: ya fi bindiga araha, ba ya cin wuri, dokarsa ta fi sauƙi, ga shi iri-iri ba iyaka. Wani ƙasa ɗaya yake bi, wani yaƙi ɗaya, wani ma samfuri ɗaya yake tarawa daga kowace masana'anta.

Abin da ke sa masa daraja a wurinsu huɗu ne. Na farko ƙaranci. Ƙusar nan ta bindiga mai lamba 4 an ƙera miliyoyinta, kuɗinta kaɗan ne. Amma na 1907 na farko-farko, mai ƙugiya a wuya, yana da tsada domin an daina sa ƙugiyar a 1913, aka kuma yanke ta daga da yawa cikin waɗanda aka riga aka yi. Haka na Jamus mai haƙoran zarto a baya, wanda aka riƙa goge haƙoran nasa tun yaƙi na ɗaya bai ƙare ba. Na biyu lafiyar jiki: wanda ba a wasa ba, ba a goge ba, ba a canza masa ƙota ba. Na uku kubensa na asali. Na huɗu labari mai shaida, wato a san wane ne ya riƙe shi, a ina.

Ka ga ke nan wanda ya kankare banatinsa ya yi fari tas don ya burge mai saye, da hannunsa ya zubar da kuɗin. Kuma inda kuɗi yake, jabu na nan. Ana ƙera sababbi a tsufar da su da gangan, ana buga tambarin ƙarya a kan na gaske don a ce na wata shahararriyar runduna ne. Mai sha'awar fara tarawa ya fara da karatu kafin ciniki, ya riƙa kwatanta rubutu da na waɗanda aka tabbatar, kada daɗin bakin mai talla ya ɗebe shi.

Ga mai tunanin sayarwa kuwa, shawarata ita ce ya yi lissafi da kyau. Galibin waɗanda ke gidajenmu na gama-gari ne, abin da za a ba ka ba zai kai ko'ina ba. A hannun baƙo, ɗaya ne cikin dubbai. A gidanku ne kawai yake banatin wane, wanda ya je Bama ya dawo. Da tsohuwar zuma ake magani. Sannan fitar da kayan tarihi daga Ghana na bukatar izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, don haka duk wanda ya zo da maganar zai kai waje, a fara tuntuɓar hukumar.

Ajiya, doka da ladabi

Gyaransa ba ya son ƙarfi. A goge ƙura da tsumma mai laushi, a shafa man keken ɗinki kaɗan a ƙarfen. Jar tsatsa mai gari ita ce mai ci, a jiƙa ta da mai a bar ta ta kwana, a goge a hankali, a maimaita. Baƙi-baƙin da ya kwanta lumui a jikin ƙarfe shekaru ne, a bar shi. Ban da sanfefa, ban da magagari, ban da toka da lemun tsami, ban da fenti. Kube na fata yana riƙe danshi, musamman a kudu lokacin damina, saboda haka ya fi kyau a ajiye su gefe da gefe maimakon a bar ƙarfen a ciki shekara da shekaru. A arewa kuma hunturu ke busar da fata da katakon ƙota, kada a bar su a rana ko kusa da murhu.

Sai kulle. Duk tsufansa makami ne, tsininsa bai san shekara ba. Sashe na 206 na dokar manyan laifuka ta 1960 ya haramta yawo da makami a bainar jama'a ba tare da izini ko ƙwaƙƙwaran dalili ba, kuma "na kakana ne" ba zai fitar da yaro daga hannun 'yan sanda ba. Mun san yadda ake saurin shafa wa zango baƙin fenti in rigima ta tashi, lokacin zaɓe ko bayan wasan ƙwallo. Abin kunya ne a ce kayan tarihin gida ya koma shaidar kotu. Addini ma ya riga doka: hadisai ingantattu sun hana nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa ne, sun hana miƙa takobi a zare, sun umarci mai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau ya kama tsininsu. Wannan ladabi ya hau kan banati. In za a nuna wa baƙo, a ɗora a tabarma, babba na wurin.

Aikin da ya fi gaggawa bai ma shafi ƙarfen ba. Waɗanda suka je Bama kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, amma 'ya'yansu da suka ji labari daga bakinsu suna nan, sun manyanta. A zauna da Hajiya ko Baba a kunna rikodar waya: mene ne cikakken sunansa, wane suna aka rubuta masa a soja, daga wane gari ya taso, wace shekara ya dawo, me yake faɗa, me kuma ba ya son a tambaye shi? A ɗauki hoton banatin gaba da baya, da rubutun wuyansa, da kowane shafi na littafin sallama, a tura wa 'yan'uwa a ajiye a wuri fiye da ɗaya. A rubuta taƙaitaccen bayani a takarda a ɗaura a ƙotar da zare.

Mu malaman makaranta muna da rabo a nan. Tun 2019 aka dawo da darasin tarihin Ghana a firamare, kuma duk wanda ya tsaya gaban allo ya san bambancin yaron da aka ce wa ya haddace 1945 da wanda aka nuna wa hoton abin da kakan abokinsa ya dawo da shi a shekarun nan. Hoton za a kawo aji, ba ƙarfen ba. Masu iko kuma su kai ɗalibai gidan tarihin soja da ke cikin tsohuwar ganuwar Kumasi, wadda aka gina a 1897, inda aka yi wa Gwamna Hodgson ƙawanya a 1900. Akwai bindigogi da lambobi da hotuna da makaman da aka ƙwato a Habasha da Bama. Gani ya kori ji.

Gidan da ba shi da wurin ajiya mai kulle, ko yake tsoron rigimar gado, zai iya tuntuɓar gidan tarihin ko ofishin tsofaffin sojoji ya ji yadda ake ba da irin wannan kaya, da sharaɗin a rubuta sunan mai shi da na zangonsu. Ko a gida ko a can, abin nema dai kada sunan ya rabu da ƙarfen.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya yafe musu kurakuransu, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu.